GIYA A TARIHIN ƘASAR ZAMFARA: DAGA FARU ZUWA BURASAL

Na san tun daga ganin kan wannan maƙala wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi a'uziyya, su ce yaron nan na Mafara ya rasa abin da zai kawo wa mujallar ƙungiyarmu sai zancen giya. To, kafin a yanke mini hukunci bari in wanke kaina. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, ban taɓa kai ta bakina ba, ina kuma roƙon Allah kada ya nuna mini ranar. Amma kuma ni ɗalibin Hausa ne, malamanmu kuwa sun sha gaya mana a aji cewa al'ada ba ta tsaya ga abin da muke so a gan mu da shi ba, ta haɗa har da abin da kakanni suka yi muka bari. Wanda bai san abin da aka bari ba kuwa, yaya zai san girman aikin waɗanda suka sa aka bari?

Abin da ya jawo maganar shi ne wani aiki da aka ba mu a kan abincin Hausawa na gargajiya. Ina cikin lalube a intanet sai na ci karo da labarin cewa a shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sanya al'adar giya ta ƙasar Baljiyam cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Abin da mu nan ake yi wa mutum bulala a kansa, can ga shi an ɗora shi a faifai ana nuna wa duniya. Na bi labarin don in ga mene ne abin alfaharin.

Ashe a wurinsu sana'a ce mai asali. Akwai wadda sufayen Kirista ke yi a gidajen ibadarsu, irin su Westmalle da suka fara a 1836 da Chimay da suka fara a 1862, suna sayarwa suna riƙe kansu da kuɗin. Kowace iri da nata kofin gilashi, ba a zuba wannan a na waccan. Akwai kuma gwanayen ɗanɗano, waɗanda in an miƙa musu kofi ba kwankwaɗa suke yi ba. Sai su ɗaga shi su dubi launi, su dubi yadda kumfa ya tsaya, su shinshina, sa'an nan su kurɓi kaɗan su juya a baki, su ce wannan tana da tsami, waccan tana da ɗaci, wannan ta yi shekara biyu a ganga. Mai karatu zai iya kwatanta su da tsofaffin nan namu na kasuwar goro, waɗanda da sun ɓantari ɗan kaɗan za su gaya maka daga inda huhun ya fito.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda suke kira lambik, wadda ake yi a birnin Burasal da ƙauyukan da ke kudu maso yammacinsa. Ana haɗa tsiron sha'ir da alkama a dafa, a sa wani fure mai ɗaci, sa'an nan a juye ruwan a wani faffaɗan kasko a bar shi a buɗe ya kwana. Ba a zuba masa yis na kanti. Ƙwayoyin da ke yawo a iska da waɗanda suka zauna a jikin katakon ɗakin su ne ke faɗawa ciki su sa shi ya yi tsami ya tashi. Saboda haka ne ba sa yin ta sai da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga nan a ɗura a gangar katako ta yi shekara ɗaya zuwa uku. Ina gama karanta wannan na ce a raina, ai na taɓa jin wannan labari, kuma ba a bakin Bature na ji shi ba.

A bakin kakata na ji shi, wadda ta haifi mahaifina. Ita haifaffiyar ƙasar Tsafe ce, aure ya kawo ta wani ƙauye kusa da Bakura, kuma tana ƙarama takan kai tallar fura wata unguwar Maguzawa da ke maƙwabtaka da su. Da aka yi hutu na je gaishe ta, bayan an ci tuwo na kawo zancen a hankali. Ta dube ni ta ce, "Kai angona, mi kaka nema ga wagga magana? Boko ɗin ke nan?" Na ce mata, "Amarya, tarihi ne kawai." Ta yi dariya, ta ce su dai ba su yi ba, amma idonsu ya gani, hancinsu ya shaƙa.

Ga yadda ta ce matan Maguzawa ke yi, kuma na gwada da abin da masana suka rubuta a kan burkutu na tarar bakinsu ɗaya. Za a jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana a ruwa. A tsame a baza a tabarma a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana huɗu ko biyar, sai ta yi tsiro. A shanya tsiron a rana ya bushe, a niƙa a dutse. A dama garin da ruwa a manyan tukwane a dafa, a sauke a bar shi ya kwana a buɗe har ya yi tsami. Kashegari a sake mayarwa wuta a daɗe ana tafasawa, a sauke ya huce, a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar giya, ko kuwa a juye a randar da aka saba yi a ciki wadda ba a cika wanke ta tas ba. Kwana ɗaya ko biyu sai ka ji randa tana ƙara, kumfa yana tasowa. Wadda aka bari da kaurinta ita ce burkutu, wadda aka tace ta yi ruwa-ruwa ita ce fito. Kakata ta ce daga bakin hanya, ta wari kaɗai, takan san ko yau ranar dahuwa ce ko ranar sha, domin ranar sha ba a cinikin fura.

Jama'a ku duba. Tsiro, dahuwa, kwana a buɗe, tsami, tsohon mazubi mai riƙe da ƙwayoyinsa. Hikimar da ake zuwa kallo a Burasal ita ce Bamagujiya ke yi a bayan ɗakinta, ba ta taɓa jin sunan Baljiyam ba. Bambancin da ke akwai na ƙasa ne. Su suna da sanyi da gangar katako da furen nan mai ɗaci da ke hana lalacewa, saboda haka tasu takan shekara, a sa mata suna, a kai ta wata ƙasa. Mu kuwa zafinmu ba ya barin burkutu ya wuce kwana biyu ko uku bai zama ruwan tsami ba. Abin da ba ya ajiyuwa ba ya tafiya, ba ya shiga kwalba, ba ya samun suna. Wannan, a ganina, shi ne dalili na farko da ya sa tarihinta bai shiga takarda ba. Dalili na biyu kuwa sana'ar mata ce, matan ma na ƙauye, na ƙauyen ma waɗanda ba Musulmi ba.

A wurin Maguzawa giya ba ta shaye-shayen banza kaɗai ba ce. Da ita ake kiran gayya: mai gona ya sa matansa su dafa, maƙwabta su zo su yi masa noma, a tashi a zauna a ƙarƙashin itace ƙoƙo yana zagayawa. Da ita ake biki, da ita ake makoki, kuma da kuɗinta mace ke sayen akuya da zane. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, da Jerome Barkow wanda ya yi nasa binciken shekaru talatin bayansa, duk sun lura cewa shan giya na cikin manyan abubuwan da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, alhali harshensu ɗaya, gonarsu ɗaya. Shi ya sa in Bamaguje ya musulunta akan ce ya tuba, kuma abin da kowa zai fara sa wa ido shi ne ko ya bar randa.

Yanzu bari mu dawo gida. Mutumin Maradun in ka tambaye shi abin alfaharin ƙasarsu zai ambaci Faru, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a zamanin Babari, wajen 1762, ƙasar ta wargaje, kowane gari da ubangidansa. Cikin wannan hali Shehu ya shigo da wa'azi a ƙarshen shekarun 1780, ya yi wajen shekara biyar, kuma a tsakanin nan ne ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami ranar Babbar Salla. Ƙanensa Abdullahi, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya bayyana Zamfarar wancan lokaci a matsayin ƙasar da jahilci ya yi wa katutu, wadda yawancin mutanenta Musulunci bai ratsa su ba. Mu Zamfarawa ba mu cika son a karanta mana wannan wuri ba, amma yana nan. Shi ma Shehu, a Kitabul Farƙi, cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Haɓe har da ci da sha ba tare da kula da halal da haram ba. Ni dai ba na shakkar cewa cikin jama'ar da ke taruwa sauraron wa'azi a Faru akwai waɗanda suka baro tsiro a shanye a gida. Idan muka share wannan daga tarihi, sai ya zama kamar Shehu ya zo ya yi wa waliyyai wa'azi ne, alhali aikinsa ya fi haka wuya.

Jihadi ya kori giya daga fada da birni da kasuwa. A ƙarni na 19 Bakura da Maradun sun zama ribaɗi a hannun zuriyar Shehu, ba wurin da za a kafa randa a fili ba ne. Amma bai kore ta daga ƙasa ba. Maguzawa da suka karɓi amana suna biyan jiziya an bar su da al'adarsu, musamman a duwatsun Kwatarkwashi da Tsafe, haka nan maƙwabtanmu na kudu maso yamma, Dakarkari da Kambari. Watau an yi mata iyaka ne, ta koma daji da gefen dutse.

Hani na biyu shi ne ya fi ba ni dariya, domin daga Burasal ya fito, garin lambik. Daga Nuwamba 1889 zuwa Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka yi taro a can a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu, wanda ya mai da Kwango gonarsa. Babban abin da suka ce ya tara su shi ne hana cinikin bayi, amma suka haɗa da bindiga da barasa. Suka shata wani yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa zuwa digiri 22 kudu, suka ce duk inda mutane ba su saba da barasa ba, saboda addini ko wani dalili, kada a shigar da ita. Mafara tana wajen digiri 12 da rabi, ta faɗa ciki ke nan, alhali ba wanda ya tambayi Sarkin Mafara ko Sarkin Musulmi. Da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 sai ya riƙe wannan hani, aka haramta sayar wa ɗan ƙasa barasar Turawa. Bature kuwa yana shan abarsa a bariki.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoron Allah ne. A daidai wannan lokaci jiragen ruwa na sauke akwatunan jin daga Holan da Jamus a Ikko da sauran tashoshin Kudu, har a wasu wurare kwalbar jin ta zama kuɗin ciniki, kuma harajin da ake karɓa a kanta na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnatin Kudu. Arewa kuwa kullum baitulmalinta a gibi yake, wannan ma na cikin dalilan da suka sa aka haɗe ƙasar a 1914. Ashe ke nan an hana mu sha, amma an yi mana aiki da kuɗin waɗanda suka sha. Don adalci kuma in faɗa, su ma mutanen Baljiyam sun ɗanɗani irin wannan a gida: a 1919 suka yi dokar da ake kira da sunan ministansu Vandervelde, wadda ta hana sayar da barasa a mashaya, ta bar giya. Dokar ta yi fiye da shekara sittin tana aiki.

Iyakar da Turawa suka shata jirgin ƙasa ne ya huda ta. Dogo ya iso Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, aka sami Sabon Gari da otal. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Ikko a 1949, ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Nan fa giya ta sake kama. Da can abar Bamaguje ce da ƙoƙo, yanzu ta zama abar ɗan boko da ɗan birni da kwalba, har wasu na ganin alamar wayewa ce. Adabinmu ya riƙe shaidar wannan zamani. Mu'azu Haɗeja ya yi Waƙar Giya yana faɗakarwa, Alhaji Mamman Shata kuma ya yi tasa ta "A Sha Ruwa" wadda kowa ya san inda ta dosa. Duk ɗalibin da ke son ya san yadda Arewa ta kasance a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya ajiye waɗannan biyu gefe da gefe. Hukuma ma ba ta yi shiru ba, domin kundin Final Kod da ya fara aiki a 1960 ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha abin maye ba don magani ba. Sai dai doka a takarda daban, abin da ake yi bayan magariba daban.

Akwai wani juyi da ba a cika ambata ba. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, don a tsimin kuɗin ƙetare. Kamfanonin giya suka rasa yadda za su yi, sai suka waiwayo ga dawa, har da wani iri na gajeren kaura da aka inganta a cibiyar binciken noma ta Samaru. Watau injiniyoyi da masana suka zauna suna koyon abin da matan Tsafe suka gada: yadda za a jiƙa dawa, kwana nawa za ta yi ta tsira. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ba ta fita daga masana'anta ba. Da irin wannan tsiro ake yin su Maltina, wadda ba ta sa maye, wadda ba a ɗaurin aure ko walimar sauka a Mafara ba a raba ta ba. Ni kuma duk ranar Talata in na ga ana loda buhunan dawa a manyan motoci a kasuwarmu, nakan tambayi kaina ina za su sauka. Manomi dai ya karɓi kuɗinsa ya sayi taki.

Hani na uku a ƙofar gidanmu ya fito, kuma iyayenmu duk shaidu ne. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Gwamnanta na farko na farar hula, Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, wata kaɗan bayan rasuwar Shata. Aka rufe mashaya, aka soke lasin, aka sa bulala tamanin ga Musulmin da ya sha. Daga Faru zuwa Bakura ba wata tafiya ba ce mai nisa, amma tsakanin wa'azin can da dokar nan an yi shekara fiye da ɗari biyu. Ba zan ɓoye ra'ayina ba, ina murna da na tashi ban ga mashaya a unguwarmu ba. Sai dai kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na tashi na ga samari sa'o'ina suna shan ƙwaya da maganin tari da sholisho, abubuwan da ba su da gayya ba su da biki, ba kuma tsohuwar da ke tsaye a kan randa ta ce wa yaro ya isa haka.

Abin da ya dame ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne kalmomin. Na tambayi kakata sunan ruwan farko da ake tsiyayewa kafin a dafa, ta ce yana da suna, ta yi ta juya shi a baki bai zo ba. Na tambaye ta waƙoƙin da matan ke yi wajen niƙan tsiro, ta ce ta san amon, baitin ya gudu. Mutanen Baljiyam sun rubuta nasu har da ranar da aka kafa tukunya. Mu kuwa na so in je unguwar da take kai talla in nemi tsofaffi, aka ce kada in soma, hanyar ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, mutanen ma wasu sun musulunta, wasu sun shiga Kirista, wasu sun watse. Haka ƙauyuka da dama na ƙasar Maradun suke a yau. Tsohon da ya yi gudun hijira zuwa gari yana kwana a makarantar firamare, ba zancen sunan tukwane ne a gabansa ba.

Daren da zan komo makaranta na tarar kakata ta sa an jiƙa gero za a yi mini kunun zaƙi na guzuri. Na zauna ina kallo. Ta raba ƙullun biyu, ta zuba wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, ɗayan kuma ta haɗa shi da dankali da ɗan tsiro da citta da kanumfari, ta bari na farkon ya huce sa'an nan ta gauraya, ta rufe ta ce sai da safe. Na ce, "Amarya, tsiron nan fa?" Ta ce shi ke kawo zaƙi, tun kafin a san sukari da shi ake yi. Na ce to ai rabin aikin Maguzawa ke nan. Ta ɗaga muciya kamar za ta buga mini, ta ce, "Ɗan nema! Mu kwana guda muka bari, su sunka bar shi ukku." Da safe aka tace, ta cika mini jarka, ta ja kunnena in shanye kafin jibi, in kuwa na ga murfin ya fara kumbura in zubar.